Ni Na Yi Jinyarki, Gwaggo Puseletso

Gwaggo Puseletso Mokhethi ta rasu ranar Talata, tara ga Yuli, a asibiti a garin Mafeteng, bayan ta sha fama da ciwon ƙoda. Ina riƙe da kofin shayinta aka ce mini ta cika. Na ajiye kofin, na je na wanke shi. Har yau ban yi kuka ba.

Gwaggo, ke kika ɗauke ni da mahaifina ya rasu. Aikinki a ɗakin gwaje-gwaje ne, kina duba wiwin da manoma masu lasisi suke nomawa don a yi magani. Sai kin tabbatar babu hunhuna, babu ragowar maganin ƙwari, kafin a bar shi ya fita. Warinsa yakan biyo gashinki har gida. A motar haya sai mata su riƙa matsawa.

Na tuna Baba Lebusa manomi, da ganyensa ya faɗi gwaji, ya zo mana da tunkiya. Kika ce, "Baba, tunkiyar ce za ta lashe hunhunar? Mai da ta, kada ta cinye mini kabeji." Ya tafi yana mita. Ran Lahadi kika yafa bargo, kika hau tudu cikin sanyin nan, kika nuna masa yadda zai shanya ganyen iska ta ratsa shi.

A wurinmu, wanda ya yi jinya shi ke tashi ranar jana'iza ya faɗa wa jama'a abin da ya kashe mamaci. Ni na yi jinyarki. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Baffa Tsepiso ya ce zai faɗa a madadina, amma a gari ana ta cewa hayaƙin abin da kike taɓawa ne ya cinye ki, shi ma kuma ya fara yarda.

Ran Asabar na miƙe a cikin rumfar jana'iza. Na daɗe tsaye. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ita ma 'yar ta ɗana wiwin ne?" Aka ɗan yi dariya. Na ji muryata kamar ta wata: "Ƙoda ce. Ni nake kai ta wankin jini. Ko taba ba ta taɓa sha ba. Aikinta shi ne kada marar lafiya ya sha guba." Na zauna.

Allah ya ji ƙanki, Gwaggo, ya yafe miki, ya ba ki hutu. Ya ba Kaka Mamokete da Baffa da dukan gidan Mokhethi haƙuri. Ni kuma ya ba ni hawaye, in yi miki kuka kamar kowa.

Reitumetse