Tukunyar da Ta Kwana a Mokolo

A layinmu na Garwa akwai wata babbar tukunyar ƙarfe da matan unguwa suka haɗu suka saya tun ina goye. Mace ɗaya ba ta iya ɗaga ta, sai biyu, kowacce ta kama kunne ɗaya. Da ita ake dafa shinkafar suna da ta aure, da ita ake abincin Kirsimeti, da ita ake ciyar da masu zaman makoki, ko sallah aka yi wa mamacin ko addu'ar coci. Sharuɗɗanta biyu ne, ba kuma a rubuce suke ba: naman da zai shiga cikinta Musulmi ne zai yanka, sannan duk inda ta wuni, a gidanmu take kwana. Inna ta ce Kiristocin layin ne ma suka kawo wannan shawara tun farko, don kowa ya ci abincin kowa ba sai ya tsaya tambaya ba.

Shekarar da abin ya faru, na dawo daga jami'ar Ngaundere da lisans ɗina, wato digirin farko, ina zaman jiran jarrabawar shiga aikin gwamnati. Ni mutum ce mai yawan kokwanto. Nakan kulle ƙofa, in yi nisa, in dawo in taɓa kwaɗon. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka wata jaruma ce ke ba da labari.

Inna ta tafi Kuseri jinyar ƙanwarta, ta bar mini gida da tukunya. Tana can mahaifin maƙwabciyarmu ta jikin katanga ya rasu a ƙauyensu, cikin duwatsun Mokolo. Kirista ce, tana sayar da wake da gyaɗa a kasuwa, mu kuma Maman muke ce mata tun muna yara. Ta shigo da safe, idanunta sun kumbura, ta zauna a kan turmi.

Ta ce, "'Yata, tukunya na zo roƙo. Can babu babba, kuma mutane za su taru."

Na ce, "To, Maman, ba wai na hana ba ne... amma kwanan fa? Kin san ba ta taɓa kwana a waje ba."

"Na sani. Shi ya sa na zo da ƙafata, ban aiko a ɗauka ba. Ni zan dafa, ni zan wanke, ni zan dawo miki da ita."

Na kira Inna, waya ba ta shiga ba. Na ba da tukunyar. Aka ɗaure ta a saman mota, na tsaya ina kallonta har suka sha kwana. Da aka gama makoki Maman ta dawo da ita an goge ta da toka da yashi tana ƙyalli, da ɗan gero a ciki na tsaraba. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Hajiya mai kanti, wadda shagonta ke kusa da famfon layi, tana da ƙanin miji direba da ke bin hanyar Mokolo. Shi ya ce ya wuce ta ƙauyen ranar makokin, ya ga ana babbake alade. Iyakar abin da ya ce ke nan, in dai ban yi kuskure ba, domin na bi diddigi sosai. Bai ce ya ga naman a tukunyarmu ba. Amma kafin maganar ta zagaya bakin famfo, har an dafa aladen a cikinta an sauke. Ga shi kuma auren 'yar Maman ya matso, ƙawata wadda muka yi makaranta tare tun daga ajin farko.

Hajiya ta same ni har gida. Ko zama ba ta yi ba.

"Ke 'yar boko, an bar miki amana kin tura ta yawon duwatsu. To ga abin da muka yanke. Ranar bikin za a sauke tukunyar a bakin famfo, a wanke ta a gaban kowa. In ba haka ba, babu Musulmar da za ta sa hannu a abincin nan."

Gaskiya, a lokacin na ga abin da sauƙi. Wanki ne kawai. Amma saboda halina na son tabbatarwa, sai na je wajen Malam, tsohon da ya koya mana karatun allo, yana zaune a zaurensa yana gyaran alƙalami. Na zayyana masa komai, har da abin da bai tambaya ba.

Ya ce, "Ke kin gani?"

"A'a, Malam."

"Shi direban ya ga naman a ciki?"

"Bai ce haka ba."

"Ita wadda ta ara me ta ce?"

Na ce ban tambaye ta ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kin zagaye gari kin bar maƙwabciya. Je ki tambaye ta. Ni ban san inda aka ce zato yana sa abu ya zama najasa ba."

Na iske Maman tana tsince shinkafar biki a faifai. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa wai, an ce, ban dai sani ba. Ta bar ni har na gaji.

Sannan ta ce, "An yanka alade, ƙwarai. Dangin babana ba Musulmi ba ne, ba ni kuma da ikon hana su. Tasu tukunyar daban, can bayan gida suka yi abinsu. Tamu shinkafa da wake ta gani, sai akuyar da na ɗauko mahauci Musulmi daga kasuwa ya yanka. A ɗakin da nake kwana nake shigar da ita. Yayyena har dariya suke mini, wai makokin uba na zo ko gadin tukunyar Musulmi."

Na ji sanyi a raina. Amma bakina bai tsaya ba. Na ce, "To ai shi ke nan, Maman. Sai dai ina ganin, wataƙila, da an ɗan wanke ta a famfon, don dai a rufe bakin mutane..."

Ta ajiye faifan. "Kin ga datti a jikinta?"

"A'a."

"To me za a wanke? In kika sauke ta a famfo, kin gaya wa layin nan kaf cewa na yi ƙarya. A gaban surukaina, ranar auren 'yata. In haka ne ku riƙe abarku, zan aro ta coci. Mu ci namu, ku ci naku, kowa ya huta."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta.

Na sake kiran Inna, wannan karon ta ɗauka. Na fara jero mata ɓangarorin maganar, ta katse ni. "Ke na bar wa gida. Ni nan da mara lafiya nake fama." Ta kashe.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in wanke ta a ɓoye a madafinmu, in kuma ce wa Hajiya an wanke, in ce wa Maman ba a taɓa ba. Har na ɗebo ruwa a bokiti. Na tsaya a kanta ina kallon fuskata a gindinta, sai na ga abin da nake shirin yi: zan yi wa Maman ƙarya don in tabbatar cewa ita ba ta yi mini ba. Na kai ruwan na zuba wa awaki.

A layinmu girkin biki a ƙarƙashin itatuwan darbejiya ake yi, can ƙarshen layi, kuma babu hanyar zuwa sai ta gaban famfo. Da safiyar auren Maman ta shigo, ba ta tambaye ni komai ba. Ta kama kunne ɗaya, na kama ɗaya, muka fito.

Hajiya na tsaye a bakin famfo da bokiti da sabulu da soso, mata sun kewaye ta. Ta ce, "Yawwa. Ku sauke nan."

Maman ta rage tafiya, ba ta dube ni ba. Tukunyar nan in ɗaya ta saki, dole ɗayar ta sauke.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ba za mu sauke ba."

"Me kika ce?"

"Na tambaye ta, ta gaya mini, na yarda. Shekara da shekaru tana cin abin da muka dafa, ba ta taɓa cewa mu rantse mata a kan komai ba."

"Uwarki ta san da wannan rashin kunyar?"

"Ni ta bar wa gida."

Hajiya ta tafa hannu ta juya wajen matan. "Kun ji ko? Abin da aka koya musu a Ngaundere ke nan!"

Na ce, "A'a, Hajiya, can labarin ƙasa na karanta."

Ba da nufin ba'a na faɗa ba, gyara kawai na yi, amma wata ta fashe da dariya ta toshe baki da mayafi. Muka wuce. Ba mu tsaya ba har muka ɗora tukunyar a kan murhu.

Nan Maman ta ɗauraye ta kamar yadda kowace mace ke ɗauraye tukunya kafin girki. Daga baya wasu sun ce mini, to ai ga shi an wanke, me ya kawo taurin kan? Har yau amsata ɗaya ce. Ita ta ɗauraye ƙura da hannunta, ba wanda ya tsaya a kanta da soso yana jiran ta amsa laifin da ba ta yi ba. Wanda bai ga bambanci ba, ban san yadda zan nuna masa ba.

Mahaucin layinmu ya yanka ragon bikin. Da aka dawo daga coci aka shimfiɗa tabarmi, 'yan'uwan ango suka cika ɓangare ɗaya, suna waƙa da yarensu. Tabarmar da matan Musulmi suka saba zama babu kowa. Maman tana rabon abinci, tana satar kallon wajen. Amarya ma ta lura, na ga ta sunkuyar da kai.

Na ɗauki tire na je na zauna a tsakiyar tabarmar ni kaɗai. Na yi bismillah da ƙarfi, abin da ban saba ba, na fara ci. Shinkafar ta ƙona mini baki, ban tsaya ba. Ina jin idanun mutane daga ƙofofin gidaje.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Can sai ga matar Malam ta taho a hankali da kwanonta na sha'ani, ta yi wa Maman barka, ta ce yadda kowa zai ji, "Malam ya ce a zuba masa. Wai kuma a kankaro masa ƙanzo, na can gindi, shi ya fi so."

Maman ta karɓi kwanon, ta juya baya, ta daɗe tana kankara fiye da yadda ƙanzon ke bukata. Bayan haka mata suka fara fitowa, ɗaya, biyu, wasu da yara, wasu suna cewa dama wanka ne ya tsayar da su.

Ba zan ce mun yi nasara ba, domin ban tabbata ba. Hajiya ba ta zo ba, haka wasu gidaje da ke bin bayanta. Sun haɗu sun sayi tasu tukunyar, yanzu biyu ne a layin, kuma akwai bukukuwan da ake aika wa wasu abinci su karɓa su ba kaji. Wannan yana damuna, kuma wani lokaci nakan ce da na iya magana da kyau, da ba a kai nan ba. Amma a kan saukewar, ban sauya ba. Wanda yake da shaidar cewa matar nan ta yi ƙarya ya kawo, zan saurara, zan ma ba da haƙuri a bakin famfon. Har yanzu ba wanda ya kawo.

Hajiya takan amsa gaisuwata a taƙaice, ni kuma ban daina sayen sukari a wajenta ba. Ranar Lahadi mai zuwa za a yi wa jikan Maman baftisma. Ta ce in fito da wuri, ni ce a kan yankan albasa.