Innar da Na Yi Kwana Biyar Ina Nema

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Alhamis da na yi tsere da kamyo, wato babbar motar kaya, a kan dokin aro. Wauta ce tawa, kuma na fi so ku ji ta daga bakina kafin wani ya ƙara mata gishiri.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni komi ne, wato ƙaramin magatakarda, shekarata biyu da fitowa lakol, makarantar boko ke nan, ina ji da alƙalamina kamar ni na ƙera shi. Mu ma'aikata Mushe ake ce mana, wato malam da Faransanci. Bayan girbi rikici ya tashi a wasu ƙauyukan bakin iyaka, aka ƙone rumbuna, mutane suka watso da abin da hannu ya iya ɗauka. Wasu suka sauka a bayan Gidan Rumji, wasu a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Kumandan, wato babban jami'in yankin, ya sa ni in riƙa zagaya zangon biyu.

Takardu biyu nake riƙewa. Ta farko ta rabon gero da barguna ce. Ta biyu ta waɗanda suka ɓace a hanya ce, tana da gurbin suna, dangantaka, shekaru da alama. Akwai kuma oda: duk yaron da ya yi mako ba a samu nasa ba, kamyon da ke kawo gero ran Alhamis zai wuce da shi Maradi, daga can a raba su inda aka samu masu riƙo. Yaron da ya hau kamyon nan, sake gano shi sai an sha wuya.

Ran Asabar, a zangon Gidan Rumji, wata mata mai suna Rabi ta zo gabana, goye da jariri, wani yaro na riƙe da zanenta. Ƙafafunta duk sun tsage. Na ce 'ya'yanta nawa, ta ce ga su nan biyu. Na ce akwai wanda ya ɓace mata? Ta sunkuyar da kai.

"Inna ce ba mu gani ba, Mushe. Bisa jakin maƙwabta anka aza ta, sai hanya ta raba mu."

"Tana iya tafiya?"

"Tana taɓawa, amma ba ta jimawa ta gaji."

"Wata alama fa?"

"Ba ta da haƙoran gaba."

Layi ya yi tsawo, rana ta take. Na rubuta "uwa" a gurbin dangantaka. Gurbin shekaru kuwa ban ma tambaya ba, na cike shi da kaina: tsohuwa. Wa ake azawa kan jaki, mai saurin gajiya, marar haƙora, in ba tsohuwa ba?

Kwana biyar ina neman tsohuwar nan. Duk gyatumar da na gani a zangon biyu sai na durƙusa na gaishe ta, ina leƙen bakinta. Wata har ta ce in aure nake nema in fito fili. Kullum na dawo, Rabi na tsaye a gindin wata bishiyar bedi tana jirana, in girgiza mata kai, ta ce Allah ya saka, ta koma. An gaya mini geronta ma maƙwabta take ba, ba ta iya ci.

A ɗaya zangon kuma, a rumfar da Mushe Abdu malamin jinya yake duba marasa lafiya, akwai wata yarinya 'yar shekara shida da wasu masu jaki suka bari suka wuce. Ni da kaina na tsuguna gabanta na ce, "Yarinya, yaya sunanki?" Ta ce, "Inna." Na ce, "To, za mu nemo miki Inna, amma ke sunanki fa?" Ta sake cewa Inna, ta fashe da kuka. Muka rubuta cewa ba ta san sunanta ba, uwarta kawai take kira. Aka sa ta cikin masu tafiya Maradi.

Ran Alhamis da hantsi, kamyo ya sauke rabin geronsa a Gidan Rumji ya kama hanyar ɗaya zangon. Na je wurin Rabi na ce ta yi haƙuri, babu tsohuwar da ban duba ba, wataƙila ta yada zango a wani gari. Ta dube ni kamar ba ta gane Hausata ba. Wani dattijo maƙwabcinsu, Baba Nomau, yana gefe yana tufkar igiya. Ya ɗago kai.

"Wace tsohuwa kuma, ɗana?"

"Inna mana."

"La ilaha! Inna ai ɗiyarta ce ta hwari. Sunan uwar mijinta anka sa mata, shi ya sa ake ce mata Inna. Mi kake so, ta ƙirga maka ɗiyar hwari da bakinta gaban mutane?"

Wallahi sai da na ji ƙasa ta juya da ni. Abin da ya fi ba ni haushi, ba baƙon abu ba ne a wurina. Ni Bahaushe ne, ɗan garin Cadawa. Yayata ta fari Iya ake ce mata, kuma har tsohuwarmu ta rasu ban taɓa jin ta kama sunanta ko ta sa ta cikin lissafin 'ya'yanta ba, saboda kunya. Na san wannan tun ina tsumma. Takarda ce ta shiga tsakanina da abin da na sani.

Mota babu, waya babu. Na ruga gidan mai gari na roƙi doki. Ni kuwa rabona da doki tun kafin a kai ni lakol. Na yanke ta cikin gonaki, kara na karce mini ƙafafu, hulata ta faɗi ban waiwaye ta ba. Addu'ata ɗaya, Allah ya sa yashi ya riƙe kamyon nan yadda ya saba.

Ya kuwa riƙe shi, amma ba sosai ba. Na tarar an gama sauke gero, yara na zaune a baya kan buhunan da babu komai, direba na zuba ruwa a inji. Na diro ina haki na ce a sauko da yarinyar. Mushe Abdu ya ce, "Isufu, oda ce. Ba takardar kumandan, ba mai sauka."

Ban yi musu da shi ba. Na matsa jikin kamyon na ɗaga murya na ce, "Inna!"

Yarinyar ta juyo. "Na'am."

"Wa ta haife ki?"

"Rabi."

Da ta buɗe baki, ga giɓi nan a gaba, haƙora biyu sun fita. Mushe Abdu ya dafe kai ya yi salati. Ya ce to wa zai ɗauki laifin karya oda? Na ce ya kawo takardar, na rubuta sunana da manyan baƙaƙe na sa hannu. Shi da kansa ya miƙa hannu ya sauko da ita.

Da la'asar muka iso, tana gabana kan doki, ta yi barci a ƙirjina. Mata suka yi ta guɗa. Na zaci Rabi za ta rugo ta rungume ta. Ina! Tana hango mu ta kau da kai gefe, ta ce wa wata maƙwabciya, "Ku ba ta ruwa." Ta juya za ta shiga bukka, taku biyu ta yi, ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Yarinyar ta je ta zauna a bayanta, ta jingina da ita. Ni ma na koma bayan doki na share nawa hawayen, don ban taɓa jin sauƙi a rai irin na ranar ba.

Washegari na kai kaina gaban kumandan tun kafin a kira ni. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Kwana biyar kana leƙen bakin tsofaffi?" Ya yi dariya har da tari. Bai hukunta ni ba. Ya ce daga ranar kada a cike gurbin kowa sai an tambaya, kuma a riƙa zaunar da dattijo ɗaya daga cikin mutanen kusa da mai rubutu.

Abin da na koya ke nan. Mutumin da ya gudo daga gidansa ya bar rumbu da gona da tukunya, amma bai bar kunyarsa da ɗabi'arsa a can ba, da su zai zo gabanku, kuma da su zai ba ku amsa. Rabi ba ta ɓoye mini komai ba, yarinyar ma sau biyu tana gaya mini sunanta. Ni ne na ga layi ya yi tsawo na hutar da kaina tambaya ɗaya. Saura ƙiris tambayar nan ta raba uwa da 'yarta har abada.