Ƙusar da Ba Ta Karyewa

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri, kuma a gidanmu babu zagin da ya kai a ce abin da ka ƙera ya karye. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, idan aka dawo masa da gatarin da ya tsage, yini yake yi bai ce wa kowa uffan ba, mu ma ranar sai mu kama kanmu. A haka na tashi. Ko da na kawo injin walda maƙerarmu ta Madarunfa, halin yana nan. Ina da girman kai a kan ƙarfe, ban taɓa ɓoyewa ba.

Autanmu bai yi ƙira ba, tuƙi ya koya. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, amma har yau Inna, mahaifiyarmu, tana ajiye masa ƙanzon tukunya. Taraktar wani Alhaji yake ja. Idan kaka ta yi, sai ya ɗaura mata injin sussukar gero ya shiga ƙauyuka, wani lokaci ya yi sati bai kwana gida ba.

Injin sussukar ba shi da ƙarfin kansa, daga tarakta yake aro. A bayan tarakta akwai wani guntun ƙarfe mai tsagi shida da ke juyawa. A jikinsa ake zura wata doguwar sanda mai gwiwa biyu, ɗaya a kowane baki, wadda suke kira kardan, ita ke kai juyin zuwa injin. Da can kardan ɗin yana da rigar roba. Rigar ta tsage tun shekarar farko aka yanke ta aka yar, ya zauna tsirara. Kuma wurin da ake zuba gero yana gefensa, taku ɗaya tsakani. Nan ƙanena yake tsayawa yini guda.

Wata safiya ya shigo maƙera yana huci, ya jefa mini guntaye biyu na wata ƙusa, irin wadda suke kira bulon, a gabana.

"Yaya, wanga bulon ya ishe ni. Jiya sau ukku yana karyewa. Da injin ya ɗan cije sai ka ji ƙas, aiki ya tsaya, mutane na kallo na kamar ni na karya shi."

Na ɗauka na duba. Ita ce ke riƙe bakin kardan da injin, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba. Na sa zarto, ya shige ta kamar rogo. Dariya ta kama ni. Na ce masa waɗanda suka ƙera tarakta sukutum sun zo kan ƙusa ɗaya sun yi rowa. Na ciro wani ƙarfe daga ƙafar tsohuwar mota, irin wanda zarto ke kuka a kansa, na gasa shi, na buge shi daidai ramin, na tsoma shi a baƙin mai. Guda biyu na yi. Na ba shi ɗaya, na ce idan ta karye ya zo ya rufe maƙerar da hannunsa. Ya tafi yana sa mini albarka.

Kwana huɗu bayan nan wani tsohon makanike daga Maraɗi ya biyo da aikin walda. Mutum ne da ya tsufa a ƙarƙashin taraktoci, ba shi da yawan magana. Ni kuwa bakina bai iya riƙe abin alfahari ba. Na ɗauko ƙusa ta biyu na miƙa masa, na ba shi labari har da ƙari. Na jira yabo. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya ƙwanƙwasa ta a kan uwar maƙera, sai na ga fuskarsa ta canja.

"Ɗayar tana ina?"

"Tana jikin injin, Baba. Kwana huɗu ko gezau."

"Innalillahi. Ɗana, mi ka aikata haka? Wancan bulon da gangan anka yi shi da taushi. Aikinshi ke nan, shi karye."

Ya zaunar da ni kamar ɗan koyo. Ya ce kardan yana juyawa sau ɗari biyar da arba'in a minti guda, wato kafin in ƙifta ido ya zaga sau da yawa. Tarakta kuwa ba ta san injin ya cije ba, turawa kawai take yi. Idan dutse ko ƙarfe ya faɗa cikin injin, dole wani abu ya ba da kai, shi ya sa aka zaɓi ƙusa mai araha aka ce ita za ta mutu. Tana karyewa, kardan ya ci gaba da juyi shi kaɗai a mazauninsa, injin ya tsaya. Idan ta ƙi karyewa, gwiwar ce za ta fashe. Sandar ta kuɓuce daga injin, ɗaya bakin kuma yana nan a jikin tarakta ana juya shi, sai ta riƙa dukan duk abin da ke kusa kamar taɓarya a hannun mahaukaci.

"Na taɓa gani sau guda," in ji shi. "Ban son in sake gani. Wa ke tsayuwa wurin zuba geron?"

Ƙanena ne ke tsayawa. Na lalubo waya na kira ƙanena, aka ce ba a samunsa. Na sake kira, haka. Tsohon ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ƙirgo mini ƙusoshi uku masu taushi, irin waɗanda na yi wa dariya, ya damƙa mini.

"Tashi ka tahi. Bar aikina, ya jira."

Na bar wuta tana ci a maƙera. A ƙofar gida na ci karo da Inna tana tsince wake a faifai. Ta ga na tura moto, wato babur ɗina, ba ko hula, ta tambaye ni lafiya. Na ce lafiya lau, saƙo zan kai wa auta. Ta ce to in tsaya ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli. Na tsaya. Ban san yadda aka yi na tsaya ba, ina kallon yatsunta suna ƙulla leda a hankali. Na karɓa na cusa a aljihu tare da ƙusoshin.

Abin da na sani kawai shi ne auta ya nufi wajen Gabi. A ƙauyen farko aka ce shekaranjiya ya tashi. A na biyu na tarar da tudun ƙaiƙayi sabo, awaki suna tonawa, wata mata ta nuna mini gabas da muciya. Hanyar yashi ce, moton yana ta wutsil-wutsil, sau biyu ina faɗuwa. Duk inda na ga rezon waya ya dawo sai in tsaya in kira, ba a samunsa. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba. Na sha ƙuna, guduma ta sha fasa mini yatsa, amma wannan daban ne, domin abin bai faru ba tukuna kuma ni na ƙera shi da hannuna. Ina tuƙi ina shirya kalmomin da zan faɗa wa Inna. Kowace na ɗauko sai ta ƙi zama a bakina. Na tuna yadda na tsoma ƙusar a mai tana ƙara, ina murmushi.

Wajen azahar na haɗu da wani mai amalanken jaki ɗauke da buhuna. Ya ce daga wurin injin yake, in miƙe, bayan waccan kukar. Na kashe moto don in saurara. Can nesa na jiyo rurin tarakta da kukan injin. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Muddin yana kuka, ƙanena yana tsaye. Na tayar da moto na bi sautin, ina jin sa yana ƙaruwa.

Ina dab da bishiyar kukar sai sautin ya ɗauke ɗif.

Na san na yi salati da ƙarfi. Sauran tafiyar ban san yadda na yi ta ba. Da na fito fili na hango taraktar a tsaye, mutane sun taru a gefenta sun sunkuya, sun yi da'ira, ba na ganin abin da ke tsakiya. Na saki moton ya faɗi, na ruga ina ture mutane. A tsakiyar akwai ƙwaryar fura. Ƙanena yana tsugune, ludayi a hannu, fuskarsa fari fat da ƙaiƙayi.

"A'a, Yaya! Lahiya? Wa ya rasu?"

Na zauna a ƙasa. Aka miƙo mini ludayi, ban karɓa ba. Da numfashina ya dawo na ce masa ya kawo guduma, zan cire ƙusata.

Nan fa rigima ta tashi. Ya ce kwana huɗu bai tsaya ko sau ɗaya ba, bai taɓa jin daɗin aiki irin haka ba, har ya yi ta tallata ni a ƙauyuka. Na maimaita masa abin da tsohon ya ce, ya ce tsofaffin makanikai tsoro ya yi musu yawa. Masu gero suka sa baki, kowa yana so a gama nasa kafin rana ta faɗi. Wani ya ce bai taɓa ganin maƙerin da ya yi tafiyar rabin yini don ya ɓata aikinsa ba, aka yi dariya. Raina ya ɓaci. Ban taɓa ɗaga wa autanmu murya a gaban mutane ba sai ranar.

"Ko ka ba ni guduma, ko in kwanta bisa kardan ɗin nan, ka tada ta da ni. Zaɓi guda."

Ya ba ni, yana gunaguni. Da ƙyar ƙusar ta fito. Ta ɗan lanƙwashe a tsakiya, ramin da take ciki kuma ya fara zama kamar ƙwai, alamar an sha kokawa a wurin ba wanda ya sani. Na zura mai taushin na ɗaure. Aka yi salla, aka tayar da tarakta.

Ban tafi ba. Na tsaya nesa kaɗan ina kallon sandar nan tana juyi har ba a ganin gwiwoyinta, ƙanena a gefenta yana karɓar gero runguma-runguma yana turawa. Na ga bakin rigarsa yana kaɗawa kusa da sandar. Na je na sa shi ya cusa rigar cikin wando, ya harare ni. Mutane suka gaji da kallona suka ci gaba da harkarsu.

Bayan la'asar aka zo kan geron wani dattijo, daga gidajen da har yanzu suke kan al'adar kakanni. 'Ya'yansa suna kwance dammuna suna miƙawa da sauri. Ana cikin haka sai muka ji wani ƙara kamar an buga guduma a kan tukunyar ƙarfe, injin ya girgiza, sai kuma ƙas. Injin ya yi shiru. Kardan ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, salin-alin, a mazauninsa. Ƙanena ya ja da baya, ya hau ya kashe tarakta.

Aka buɗe cikin injin. Tsakanin haƙoransa, biyu sun lanƙwashe, akwai ruwan gatari ya cije. Dattijon ya dafe kai. Ya ce a gidansu, damin farko da za a sa a rumbu ana soka masa ƙarfe a ciki don albarkar hatsi ta zauna. Da mata ke sussuka a turmi, su ke ganinsa su ajiye. Bana ne farkon kawo geronsa inji, kuma ya manta shaf.

Ƙanena ya fizgo gatarin ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ko ɓantarewa bai yi ba. Na juya shi, sai na ga ɗigo uku a gindinsa, alamar maƙerarmu. Ni na ƙera shi. Na tsaya da gatarina a hannun dama, ƙusata a aljihun hagu, duka biyu ba masu karyewa ba ne, na dubi wurin da ƙanena yake tsaye ɗazu, sawun ƙafarsa yana nan a cikin ƙaiƙayi, taku ɗaya daga gwiwar kardan. Na zaga bayan wani rumbu na yi amai.

Da na dawo na same shi zaune a inuwar taya. Na zauna kusa da shi. Na tuna da saƙon Inna, na ciro ledar, ƙuli-ƙulin duk ya farfashe saboda faɗuwar da na yi a hanya. Muka ci a haka. Har yau Inna ba ta san abin da ya kai ni Gabi ba.

Kafin wata kakar na lanƙwasa farantin ƙarfe na yi wa kardan ɗin rumfa, na kuma koyi yin ƙusar daga ƙarfe mafi taushi da nake da shi. Abokan sana'a suna tsokanata, wai ɗan gidan da gatarinsu ba ya tsagewa ya koma ƙera abin da ke karyewa. Ina jin zafin maganar, ba zan yi ƙarya ba. Amma bana ma, ana tsakiyar sussuka, auta ya shigo maƙera da ƙafafunsa biyu, ya jefa mini guntaye a gabana.

"Yaya, bulon ɗinka ya sake karyewa."

Na ce alhamdulillahi, na miƙa masa wata.