Ranar da Inna ta kira sunana

Kaka ce, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Mun cire gyaɗa, ta bushe. Da sassafe na tafi gonarmu da ke bayan ƙauye, kudu da Korgom, ina tara harawa. Mata suna shiƙa a bakin gonar. Inna tana cikinsu. Ta aiko mini da fura ta hannun ƙanwata Hajo, alhali tsakaninmu bai kai taku ashirin ba.

Ni ne ɗan farinta, shekarata goma sha tara a lokacin. Kamar yadda aka saba, ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana ido da ido. "Wancan" take ce mini. In na yi laifi sai ta yi wa Hajo faɗan, in Hajo ba ta kusa ta yi wa akuya. Akuyar nan ta sha faɗa saboda ni. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

A wannan kakar ne aka ce wasu masu bindiga sun shigo daga kudu, kuma hukuma tana farautar duk wanda ya nuna musu hanya. Ban taɓa ganinsu ba. Amma sau biyu na bi masu jakuna na kai gyaɗa ƙetaren iyaka, inda ta fi tsada. Kowa ya san da haka. Ni ban damu ba. Inna kuwa ta yi mako guda tana damun Hajo da kwatancen hanyar garinsu, can ƙetare, da murya sama-sama: a bar hanyar jakuna, a bi ta mata masu tallar nono, a bar tsamiya biyu a hannun hagu, a wuce rijiyar da ta rufta, a nemi gidan Kawu Sale. Hajo ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Na ce a raina, tsohuwa ta fara surutai.

Da hantsi muka ji kamiyo, babbar motar kaya. Mun zaci masu awon gyaɗa ne. Injin ya mutu a bakin masallaci. Sai harbi ɗaya. Tsuntsaye suka tashi daga kan gawo. Sai harbi uku a jere, da kukan jakuna.

"Ku fito! Kowa ya fito!"

Na laɓe bayan tulin harawa. Daga nan ina hangen dandali. Mutane ne cikin kaki, da wasu masu sanduna. Sun durƙusar da maza. Wani yana karanta sunaye daga takarda. Na ji na Garba maƙwabcinmu. Na ji na Isa makiyayi. Na ji nawa. Ba wanda ya amsa. Suka maimaita. Sai hayaƙi ya tashi daga rumbunanmu.

Hankalina ya gushe. Hatsin shekara ne yake ci da wuta. Na miƙe na nufi gari. Na ce zan je in yi musu bayani, ai ban yi kome ba. Ban lura da mai bindigar da aka turo wurin mata ba. Yana tsaye, ya juya mini baya. Inna tana fuskantata.

"Iliya! Tahi kudu! Kada ka waiga!"

Na tsaya cak. Ban gane da ni ake ba. Sunana ne, muryarta ce, amma ban taɓa jin su tare ba. Mutumin ya juyo. Inna ta yar da ƙwarya ta rungume ƙafafunsa. Ya ɗaga gindin bindiga. Na ji ƙarar saukarsa sau biyu. Ba ta sake shi ba.

Na ruga. Na faɗa cikin karan gero, yana tsaga mini ƙafa. Harsashi ya wuce ta sama. Wani ya bugi ƙasa a damana. Ban waiga ba. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan biyayyar.

Da azahar na hangi hanyar jakuna. Mutum biyu suna zaune a gindin kalgo, bindigogi a kan cinya. Da ita zan bi, don ita kaɗai na sani. Na kwanta rub da ciki. A nan ne kwatancen ya dawo mini, kalma bayan kalma. A nan ne na gane ba da Hajo ake ba.

Na ja ciki na koma yamma. Na sami siririyar hanyar masu nono. Da la'asar na ga tsamiya biyu, na bar su a hagu. Rana tana jajir na wuce rijiyar. Wata Bafulatana ta ba ni ruwa, ba ta tambaye ni kome ba. Washegari da hantsi na yi sallama a ƙofar Kawu Sale. Ya dubi ƙafafuna, ya ce a kawo ruwan zafi.

Na roƙe shi a kai wa Inna labari na iso. Ba mai iya ƙetarewa. Kullum ina zaune a bakin hanya ina tare matafiya. Sai a kwana na goma wata mai tallar daddawa ta yarda ta ɗauki saƙon.

Damina biyu na yi kafin in koma. Hajo ce ta zaunar da ni ta lissafa mini. Rumbu uku sun ƙone. Garba ya dawo ba ya iya miƙe bayansa. Isa bai dawo ba. Inna ta yi kwana tara a kwance, duk wanda ya shigo sai ta tambaye shi ko an ji wani labari daga kudu. Mai daddawa ta iso kwana biyu bayan an rufe Inna.