Amin ɗin Na-baya

Goggona, yayar babanmu, ita ce mai wankin kayan bagade a cocinmu tun kafin a haife ni. Farin ƙyallen da ake shimfiɗawa, rigunan Fada, limamin cocin, da ƙananan tawul na goge ƙoƙo, duk ta hannunta suke bi. Ba ta yarda da dutsen guga na lantarki ba, wai ba shi da nauyi, sai na gawayi, kuma ban taɓa ganin ɗigon toka a kan aikinta ba. Tana cikin mawaƙa, a layin mata na biyu, ni ina gefenta. Muryarta ba ta a zo a gani ba ce, amma ba ta kuskure, kuma in ke kika yi, gwiwar hannunta za ta sanar da haƙarƙarinki.

Mijinta kafinta ne, ana ce masa Na-baya. A wajen waƙa ya samo sunan. Muryarsa kamar daga cikin rijiya take fitowa, kuma duk sanda jama'a suka ce Amin suka rufe baki, sai a ji tasa ta taho ita kaɗai tana jan ƙafa. Malaman waƙa sun yi faɗa har sun gaji. Shi kuwa cewa yake addu'a ba tseren keke ba ce. Goggo ta shekara da shekaru tana jin kunyar wannan Amin, tana yi masa mita a hanyar gida, yana dariya.

Da aka fara gina sabon babban coci, shi aka ba aikin ƙofofi. Ya gama su, ya sassaƙa reshen inabi a jiki, sannan ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ya rasu ba a rufe ƙubba ba. A wajen makoki wani tsoho ya ce yau dai Na-baya ya riga kowa, har Goggo sai da ta murmusa.

Ranar da muka fara koyon waƙa a sabon ginin da la'asar ne. Wurin na warin siminti da fenti, tagogin gilashi masu launi sun zubo ja da shuɗi a ƙasa, babban hoton da ke bayan bagade kuwa an lulluɓe shi da zane, sai ƙafafu kawai ake gani. Muka rera har ƙarshe, malamin waƙa ya sauke hannu, muka yi shiru. Muryoyinmu suka kewaya ƙubba suka mutu. Sai daga can wajen ƙofa wata Amin ta taho, ƙasa-ƙasa, tana jan ƙafa.

Goggo ta damƙe wuyan hannuna har farcenta ya bar min shaida. Babu wanda ya dubi wani.

Mai zanen ginin, wani mutum mai kirki, ya yi mana bayani washegari. Ya ce amsa-kuwwa ce. Gini mai tsawo in babu kowa ciki yakan riƙe murya mai kauri ya sake ta daga baya, kuma ranar da mutane suka cika shi, jikinsu da tufafinsu za su shanye ta. Kowa ya ji daɗin wannan magana ban da Goggo.

Daga nan ta tsiri zuwa da tsakar rana, wai za ta auna bagade. Bagade ɗaya sau nawa ake auna shi? Na bi ta wata rana, na same ta tsaye tsakanin kujeru da tef ɗin awo a wuya. Ta ce Amin a hankali, ta karkata kai tana jira. Ni ban buɗe baki ba, kuma babu namiji a wurin, amma abin da ya dawo ba muryar mace ba ce. Na ji tsoro ƙwarai. Ita kuwa fuskarta ta yi haske kamar an yi mata albishir.

Ana gab da ranar keɓe cocin ga Allah, Fada ya tara mu ya faɗi yadda za a yi. Bishop zai yayyafa ruwa mai tsarki a kan jama'a da bango, ya shafa mai a bagade da kan gicciyen da aka zana a jikin ginin, a kewaya da turare, sai daga ƙarshe a kunna fitilu. Da aka tashi Goggo ta tsaya, ta tambaye shi ko ruwan yana korar duk abin da ke cikin gini. Fada ya ce mugun abu kaɗai yake kora.

"Shi ba mugu ba ne, Fada," ta ce. "Lokaci ne kawai bai sani ba."

Fada ya dube ta, ya dube ni. Sauran kwanakin abinci ma sai an matsa mata. Ta ce min an riga an raba ta da mijinta sau ɗaya, ga shi za a sake da ruwa da taron jama'a.

Ranar ta zo, coci ya cika ba masaka tsinke. Bishop ya tsaya a gaban ƙofofin Na-baya, aka buɗe, muka shiga da waƙa ba a kunna fitila ko ɗaya ba. Maganar mai zanen gini ta tabbata: duk inda muka tsaya, waƙar ta tsaya cak. Aka yayyafa ruwa, muka ce Amin, babu abin da ya biyo baya. Aka shafa mai, muka ce Amin, shiru. Na saci kallon Goggo na ga ta daina rerawa, leɓunanta a rufe. Tausayinta ya kama ni har na rasa layina, kuma ba ta zungure ni ba.

Mata suka shimfiɗa farin ƙyallenta a kan bagade. Aka kunna kyandir, fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya, fuskar da ke cikin hoton ta bayyana. Da aka kai babbar addu'a, dukan jama'a suka rera Amin da murya ɗaya, malamin waƙa ya fara sauke hannu.

Sai waccan Amin ɗin ta taho, daga wajen ƙofa, ba ta gaggawa. Malamin ya harari layin maza, ya tarar kowa bakinsa a rufe. Hannunsa ya tsaya inda yake.

Goggo ta share ido da gefen ɗankwalinta. "Har yau dai ba ka gyaru ba," ta ce, ba da ni take ba.

Ba ta ƙara zuwa auna bagade ba. Malamin waƙa kuwa, mutumin da ya fi kowa faɗa da Na-baya, tun daga ranar in muka ce Amin ba ya sauke hannu nan take. Yakan bar shi a sama ya ɗan jira, mu ma mu jira tare da shi.