Wuƙar da Baba ya miƙa da hannu biyu

Duk ranar da na ji ana buga guduma a kan ƙarfe a bayan kasuwar Arlit, sai in ga kaina ina yarinya, zaune a rumfar Baba. Sana'arsa ke nan: ya ɗauki tsohuwar ganga ya mai da ita ƙofa ko murhu. A lokacin, yawancin ƙofofin unguwarmu daga jujin kamfanin ma'adinai suka fito, kuma ba wanda ke kiran hakan sata. Abin da aka zubar ne, in ji mutane.

Wata shekara da bazara, zafi ya kai har karnuka na wuni a ƙarƙashin manyan motoci, aka kewaye jujin da waya. Baba bai ɗauki wayar a bakin komai ba. Ya bi ta inda iska ta kwantar da ita, ya mirgino ganga. Masu gadi suka riƙe shi, suka kira jandarma.

Sai ka san Baba kafin ka gane abin da ya biyo baya. A dajin Dannet ya tashi yana yi wa Buzaye kiwo, kuma tun can yake ɗaura wuƙa a damtse, cikin hannun riga, kamar yadda wani ke ɗaura agogo. Da ita yake yanka igiya, da ita yake kankare mana goruba. A tarbiyyarsa ba a tsayawa gaban babba da kaifi a jiki. Don haka tun ba a laluba shi ba, ya kwance ta, ya miƙa wa jandarman da hannu biyu. Shi ladabi ya yi. Jandarman ya karɓa, ya rubuta.

Kawuna, direban motar ma'aikata ne mai jin Faransanci, shi ya bi maganar. Ya dawo ya durƙusa gaban Kaka, mahaifiyar Baba, ya kasa haɗa ido da ita.

"Iya, wajen hukuma sata ba iri ɗaya ba ce. Da ganga kaɗai ce, ƙaramin laifi ne, nan za a yanke masa, ba zai daɗe ba. Amma in da makami a jikin mutum, ko bai zare shi ba, ya zama babban laifi. Sai babbar kotu, a Agadas."

"Wa ya nuna wa wuƙar?" in ji Kaka.

"Ba kowa, Iya."

Sai Kaka ta ce, "Ni na saya mishi ita."

Watannin da muka sa rai suka zama shekaru. Jiran shari'ar kaɗai ya cinye damina bayan damina. Kaka ta daina zuwa kasuwa, sannan ta daina fitowa tsakar gida. Da sanyin wata shekara ta rasu. Manya suka zauna suka ce kada a gaya wa Baba, wanda ke gidan kaso ba a ƙara masa kaya. Duk zuwan da Kawu zai yi Agadas, saƙon ɗaya ne: "Iya tana gaishe ka."

Ranar da Baba ya dawo, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. A hammatarsa akwai tabarmar da ya saƙa wa Kaka a can. Ya wuce mu duka, ya yi sallama a ƙofar ɗakinta, ya tsaya yana jira a amsa. Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar tsayuwar nan ba.

Yanzu matafiya hanyar zinariyar Tchibarakaten suna ba da labarin 'yan fashi na gaske, masu bindiga. Na girma, na gane dalilin da doka ke tsananta wa mai makami, ba na ce ba ta da hujja. Sai dai har yau yana yi mini zafi cewa a idonta sahunsu ɗaya da Baba.

Yana nan da ransa, ya tsufa, ba ya yawan magana. Baƙi kan zo daga gari mai nisa su ce masa wane yana gaishe ka. Sai ya ɗago kai ya dubi mai saƙon, ya ce, "Da idonka ka gan shi?"