Kakan da Aka Haifa Sau Huɗu

Malachy Lowney ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a garin Butte. Ya san sunan karen kowane gida, kowane kare kuma ya san ɗanɗanon ƙafarsa. Da ya yi ritaya, matarsa Philomena ta ɗauka zai gyara rufin da ke yoyo. Ina! Sai bawan Allah ya waiwayi matattu.

Kakansa Jeremiah ya baro yankin Cork na Ireland ne ya zo haƙar tagulla, ƙura ta cinye masa huhu, aka binne shi ba ko dutse a kansa. Ran wani taron dangi Malachy ya sha ya yi ɗumi, ya miƙe ya rantse kafin a sake haɗuwa baɗi zai kafa dutse, da suna da shekarar haihuwa, komai daidai. Shi kuwa mutum ne da ba ya shiri da ƙarya ko kaɗan.

Suna bai ba shi wahala ba, shekarar ce ta tsaya masa a wuya. Ya tare a ɗakin karatu na gari, tabarau a kan hanci. A ƙidayar 1900 Jeremiah ɗan talatin ne. Bayan shekara goma aka sake ƙidaya, sai ga shi talatin da uku. A takardar aure ya girmi kansa da shekara takwas. Takardar mutuwa ita ma ta kama gabanta.

"Anya ba mutum huɗu ba ne?" in ji Philomena.

"Mutum ɗaya ne! Mata ɗaya, gida ɗaya!"

"To kai ma je ka a ƙidaya ka mana, ko ka dawo saurayi ka hau rufin nan."

Ya kwashi takardu ya nufi wurin Goggo Nonie, autar Jeremiah, wadda ta haura tamanin amma bakinta bai tsufa ba.

"Kai yaro, wa ya ce maka Baba ya san shekarunsa? A can gida cewa ake an haife shi shekarar da saniyar su Shea ta faɗa teku. Masu ramin tagulla ba sa ɗaukar tsoho, sai ya rage. Surukinsa ba ya ba yaro 'ya, sai ya ƙara. Mai ƙidaya kuwa ɗan gwamnati ne. Ka taɓa jin mutumin Cork ya faɗa wa gwamnati gaskiya a bakin ƙofa?"

"To ta mutuwar fa, Goggo?"

"Wannan Inna ce ta faɗa. Ta rage masa don kada a lissafa nata."

Da wani ne, da ya haƙura. Malachy sai ya buga wa fadan cocin ƙauyen kakansa waya har Ireland yana cigiyar saniya. Fada ya ce shi dai tun zuwansa bai ga shekarar da saniya ba ta faɗa teku ba.

Taro ya ƙarato, mai sassaƙa dutse ya ce a ba shi lamba ko a nemi wani. Malachy ya ga in ya zaɓi ɗaya, shi ya yi ƙaryar. Sai ya ce a jera duka shekarun huɗu, kowace da sunan a gefenta, shekarar mutuwa ɗaya a ƙasa, kowa ya gani da idonsa.

Aka taru a maƙabarta, aka yaye ƙyallen da aka rufe dutsen da shi. Wata 'yar uwa daga Chicago ta karanta, ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Su huɗu, duk Jeremiah, kuma shekara ɗaya suka tafi? Rami ne ya rufta da su, ko?"

Mata suka ɓarke da kuka. Wani ya ruga ƙaro furanni. Malachy yana ɗaga takardu yana ihu, "Mutum ɗaya ne, jama'a! Goggo, faɗa musu!"

Goggo Nonie ta gyara zama a kujerarta, ta dubi taron da bai taɓa saurarenta haka ba.

"Duk na san su," ta ce. "Na ukun ya fi kyau."